Ɗaki ɗaya, kayan jariri sun cika gado: ina zan sa su?

Tambaya:

Anti, barka da war haka. Cikina ya shiga wata bakwai, haihuwar fari ce, kuma a wurin awo sun ce a watan Agusta ake sa rai. Muna zaune a ɗaki ɗaya da ɗan falo a gidan haya a Kano. Gado da sif da kayan jere sun riga sun cinye ɗakin. Ga kayan jariri sun fara taruwa: na sayi wasu, ƙawaye sun ba ni wasu, yayata ta aiko da na 'ya'yanta cikin Gana-mas-go biyu, ga suna kuma yana tafe. Maigidan ya ce a sayo sif na jarirai, ni dai ban ga inda za a kafa shi ba. Surukata ta kawo kafur ta ce in zuba a cikin kayan saboda kyankyasai. Yaya zan yi?

Amsa:

Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Na yi sama da shekara 20 ina aikin karɓar haihuwa, kuma yarana uku na farko a ɗaki ɗaya na raine su, don haka na san wannan tsayuwar da mace take yi a tsakiyar ɗaki, hannu a ƙugu, tana kallon kaya kamar ta yi kuka. Za mu zo kan maganar wuri. Amma abin da kika ambata a ƙarshe shi ya fi komai sauri, da shi zan fara.

Ki fitar da kafur ɗin nan daga ɗakin yau.

Waɗannan fararen ƙwallayen da ake sayarwa a ƙulle a leda, wasu su ce kafur wasu su ce kanfo, galibinsu wani sinadari ne da ake kira naftalin. Tashi yake yi ya bi iska, shi ya sa kike ganin ƙwallon yana ƙanƙancewa a cikin akwati har a neme shi a rasa. Abin da ya tashin nan shi ke kama zaren tufafi. Jariri ya shaƙa ta hanci, fatarsa kuma ta sha, balle ga shi kullum a shafe da mai. To, a cikin jinin ɗan Adam akwai wani abu da likitoci ke kira G6PD, aikinsa kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Wasu yara da ƙarancinsa ake haifarsu. Gado ne, ya fi bayyana a 'ya'ya maza, kuma a wannan yanki namu na Afirka ta Yamma ba baƙon abu ba ne ko kaɗan. Yaro mai wannan ƙarancin idan ya haɗu da naftalin, ƙwayoyin jininsa sai su shiga fashewa, shawara ta taso da ƙarfi, ido da fata su yi rawaya. Idan ta yi yawa a kwanakin farko na rayuwa takan hau kai ta taɓa ƙwaƙwalwa, daga nan ne ake samun kurumta, ko yaro ya kasa riƙe wuya, ya kasa zama. Ba a gane mai wannan ƙarancin da kallon fuska sai da gwajin jini, kuma yawancin jariranmu ba a yi musu gwajin. Saboda haka kowane jariri muke kiyayewa.

Na san abin da ke ranki, yaya za ki yi da Hajiya. Kada ki ce mata ta yi kuskure, don ita da alheri ta kawo, haka ta ga an yi, haka ta yi wa nata. Ki ce mata a wurin awo aka hana, malamar asibiti har faɗa ta yi. Ki ɗora laifin a kanmu, mun saba ɗauka. Sannan ki buɗe jakunkunan nan biyu na yayarki ki sunsuna. In kin ji warin kafur, wanki ɗaya ba ya fitar da shi, domin ba ya narkewa a ruwa yadda gishiri ke yi. A wanke, a shanya a rana da iska kwana biyu uku, a sake wankewa, har sai hancinki ya daina ji. Bargo da suwaita masu kauri da suka ƙi sakin warin, ki ajiye su gefe, ba na jaririnki ba ne. Fiya-fiya ma kada ta kusanci kayan, ko yayyafi.

Yanzu sif. Ki yi wa maigida godiya, ki ce a bari.

Abin da ke ruɗa mai haihuwar fari shi ne tana ganin kayan duka a tuli guda, sai ta ɗauka dukansu suna buƙatar wurin da hannu zai kai. Alhali jariri ba ya sa kayan shekara a mako ɗaya. Yawanci ana haifarsa da nauyin da bai yi nisa da kilo 3 ba, tsawo wajen santimita 50. Kafin ya cika wata 5 ko 6 nauyin ya ninka biyu. Ranar da ya shekara ya ninka uku, tsawon ya kai wajen santimita 75. Rigar da ta yi masa cif ranar suna, kafin ki yi arba'in maɓallin wuya ya ƙi haɗuwa. Kenan a cikin wannan tulin da ya tsorata ki, abin da yaron zai iya sawa a kowane lokaci ɗan kaɗan ne, kuma shi kaɗai ke da haƙƙin zama kusa da gado. Sauran ko dai lokacinsu bai zo ba, su hau sama, ko lokacinsu ya wuce, su fita daga ɗakin. Duk dabarar da zan gaya miki a kan wannan ta tsaya.

Ki sami rana guda da safe, ki kira ƙanwarki ko wata ƙawa da ba ta da surutu a gari, ku shimfiɗa tabarma a falo ku zazzage komai. Ku ware su bisa girma. A nan mutane ke tuntuɓe, don rubutun wuyan riga ba iri ɗaya ba ne. Wasu an rubuta watanni, 0 zuwa 3, 3 zuwa 6, 6 zuwa 9. Amma kayan gwanjo irin na Ƙofar Wambai, waɗanda suka fito daga ƙasashen Turai irin su Jamus, sau da yawa lamba ce kawai za ki gani: 50, 56, 62, 68, 74, 80. Wannan lambar tsawon yaro ce da santimita. 50 da 56 na sabon haihuwa ne zuwa wata ɗaya ko biyu, 62 zuwa wajen wata 3, 68 zuwa wajen wata 6, 74 zuwa wajen wata 9, 80 kuma wajen shekara. Ni ban cika yarda da rubutu ba ma. Na sha ganin riga an rubuta mata wata 6 amma ko ɗan sati uku ba za ta shiga ba, ga waɗanda wanki ya tsuke su a hannun yayarki. Abin da nake yi, in ɗauki riga ɗaya da na tabbatar da girmanta in shimfiɗa, in riƙa ɗora sauran a kanta kafaɗa da kafaɗa. Wadda ta yi daidai da ita ta shiga tulinta, kome aka rubuta a wuyanta.

Sai kuma ki haɗa lissafin girma da na yanayi, wanda kusan ba wanda ke yi. Ke a Agusta za ki haihu, tsakiyar ruwa. Sanyin hunturu ba zai kama sosai ba sai Disamba da Janairu, lokacin yaron yana wata 4 zuwa 5. To suwaita mai kauri ta sabon haihuwa me za ta yi miki? Ɗaya ko biyu sun isa saboda daren da aka kwana ana ruwa. Kayan sanyin da za ki adana da gaske su ne masu lamba 68. Zuwa Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Kano ke kai maki 40, yana wata 7 zuwa 8, singileti da ɗan wando kawai zai iya jurewa, in ma bai kwana tsirara da nafkin ba. Duk wata riga mai gashi-gashi da ta faɗo a girman wata 7 zuwa 10, ba za ta taɓa hawa jikinsa ba. Kada ki ba ta masauki na wata takwas a ɗakin da ke kanki ba ki da wurin juyawa. Ki ba wadda lissafinta ya dace.

Waɗanda suka rage na farkon haihuwa, nawa za ki bari a kusa? Gwargwadon abin da zai kai ki daga wanki zuwa wanki, da ɗan rara saboda ranar da rana ta ƙi fitowa. Riguna masu laushi na auduga 7 ko 8, waɗanda ke buɗewa ta gaba ko masu faɗin wuya, da wandunansu. Hula 3, safa ƙafa 4, tawul 2, zanen naɗe jariri 3 ko 4. In nafkin na wankewa za ki yi amfani da shi, dozin biyu, domin sabon jariri yakan buƙaci canji sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma a Agusta nafkin na iya wuni a igiya bai bushe ba. In famfas ne, kada ki tara ƙaramin lamba da yawa, yanzu zai wuce shi. Abin da kuma ba wanda zai kawo miki gudunmawarsa, alhali ya fi komai amfani, shi ne ƙyallayen goge tumbuɗi. Ki sami tsohon zanen atamfa da ya sha wanki ya yi laushi, ki yanka shi gida goma sha biyu, tela ya bi bakin. Za ki gode mini.

Duk wannan da na lissafa zai shiga durowar roba mai hawa huɗu, irin wadda ake sayarwa a wajen masu robobi, wadda gindinta bai fi na kujerar roba ba. Ki ajiye ta a gefen gadon da kike kwana, inda za ki miƙa hannu ba tare da kin sauko ba. In ko wurin wannan babu, ki kwashe hawa ɗaya a sif ɗinki. Na tabbata akwai turamen atamfa da leshi na lefe da ba a ɗinka ba suna zaune a hawan da ya fi kowanne sauƙin kai hannu. Su koma sama, ba inda za su.

Bari in nuna miki yadda ake shirya cikin durowar, don a nan bambancin yake. Kada ki jera kayan jariri ɗaya kan ɗaya kamar yadda kike jera zannuwanki. Ƙanana ne, santsi gare su, kina zaro ta ƙasa sauran sun rushe, kwana biyu durowa ta koma kwandon wanki. Ki shimfiɗa rigar a cinya, ki mayar da hannuwan ciki, ki ɗora wandonta a kai, ki sa hula da safa a tsakiya, sai ki naɗe daga wuya zuwa ƙasa kamar tabarma. Abin da zai fito bai fi ƙullin alkaki ba. Ki tsayar da su a jere a cikin durowar, kowanne kansa a sama, kina buɗewa kin ga duka. Amfanin wannan sai ƙarfe biyun dare za ki gane shi: an ɗauke wuta, yaro ya ɓata jikinsa har gadon baya, yana tsala ihu, maƙwabta na ji ta bango, hannunki ɗaya na riƙe da shi, fitilar waya a baki. A wannan halin ba ki da sararin neman ɗayar safa. Ƙulli ɗaya za ki zaro, komai na ciki. Kuma ko maigida kika ce ya miƙo miki, ba zai kawo wandon wata 9 da hular suna ba.

Hawa na sama na waɗannan ƙullayen ne. Na biyu nafkin da ƙyallaye. Na uku tawul da zannuwan naɗewa. Na ƙasa ki sa masu nauyi, sabulai da omo da kwalaben mai da za a kawo miki ranar suna, don nauyin ya riƙe gindin durowar. Maganin cibiya da za a ba ki a asibiti, wanda ake kira kulohezidin, ki ware masa wurinsa shi kaɗai, nesa da duk wani maganin ido. Na cibiya ne kawai, in ya shiga ido yana iya makantarwa, kuma a duhu ƙananan magunguna duk kama suke yi wa juna.

Bayan ƙofa ma wuri ne da muke bari a banza. Ki kai wa tela ragowar yadi mai ƙarfi ya ɗinka miki abin ratayawa mai aljihu-aljihu, kamar guda tara ko goma sha biyu, irin wanda ake zuba takalma. Hula, safa, audugar goge jiki, abin yanke farce, mataji, duk su shige. In mai gidan hayar ya hana buga ƙusa, akwai ƙugiya da ake saƙalawa a saman ƙofa. Majanyi da zanen goyo su ma a nan za su rataya, don su ba a ninke su, kullum a hanya suke.

To, na gaba fa, waɗanda lokacinsu bai zo ba? Ɗaga kanki ki dubi saman sif. Akwatunan lefenki ne a jere, babba har zuwa ƙarami, kuma in kin faɗi gaskiya biyu a cikinsu ko babu komai ko tarkacen ledoji ne da kwalin takalmi. Ga sif ɗin jariri nan an riga an saya tun kafin a ɗaura aure. Kowane girma ki zuba shi a cikin tsohuwar rigar filo, ki ƙulle bakin, ki rubuta a jiki da biro: wata 3 zuwa 6, kayan sanyi, da sauransu. Wanda za a fara buƙata shi ne a sama. Na fi son rigar filo a kan leda domin yadi na numfashi, leda kuwa in ta kulle damshi a ciki ba ya fita.

Wannan ni a jikina na koya. Ɗana na fari a damina na haife shi. Kayan da suka yi masa yawa na wanke su tas, na kwaso daga igiya da yamma saboda hadari ya haɗo, na taɓa na ji kamar sun bushe. Na danna su a babbar leda, na ƙulle, na tura ƙarƙashin gado har jikin bango. Sai da ya kai wata 3 na jawo. Ina kwance bakin ledar wani wari ya buge ni, rigunan duk sun yi ɗigo-ɗigon baƙi na fumfuna, musamman wajen wuya inda ɗinki ya yi kauri. Har da wata farar riga da mahaifiyata ta saya, ko sau ɗaya bai sa ba. Na wanke, na jiƙa, na shanya, tabon bai fita ba. Ina ma'aikaciyar lafiya, na zauna a bakin gado ina hawaye a kan riga. Tun daga ranar, duk abin da zan adana sai ya ƙara wuni guda a rana bayan na ga ya bushe, kuma wuya da ƙugu nake taɓawa, ba tsakiyar riga ba.

Saboda haka ƙarƙashin gado ina yarda da shi ne da sharaɗi. Roba mai murfi, a ɗan ɗora ta a kan katako ko bulo, kada ta jingina da bango, domin bangon gidajen haya da yawa yana tsotso ruwa daga ƙasa a watan Agusta. Kwali kuwa kada ki fara. Kyankyaso a cikin ramukan kwali yake ƙwai, gara na cinsa, ɓera na yin sheƙa da shi. Gana-mas-go ta fi kwali, amma zif ɗinta ba ya daɗewa, da ya ɓalle ƙura da ƙwari sun sami ƙofa. Ta yi daidai da ɗauko kaya daga gidan yaya, ba ta dace da ajiyar wata shida ba.

Maganin kyankyason da Hajiya ke tsoro kuwa, ba wari ba ne, rashin abinci ne. Abin da ke kawo shi cikin kayan jariri shi ne ɗigon nono da tumbuɗi da mai da ba su fita a wanki ba. Tabon nono ma munafuki ne, riga za ta fito fes a ido, bayan wata huɗu a akwati ki tarar wuyan ya yi rawaya. A wanke da kyau, a ɗauraye sosai, a bushe, a rufe. In kina son ƙari, busasshen ganyen darbejiya ko 'yan ƙwayoyin kanumfari a ƙulle a ƙyalle, a kusurwar akwati ba a jikin tufafin ba, iyayenmu sun daɗe suna yi. Kuma duk abin da aka sauko da shi daga ajiya a sake wanke shi kafin ya hau jikin yaro. Turaren wuta, na san amarya ba ta rabuwa da shi, ki turara naki kayan. Na jariri a bar su da ƙamshin sabulu, ƙirjinsa bai yi ƙwarin shan hayaƙi ba.

Tun da haihuwar damina ce, dole in yi maganar shanya, don rabin cunkoson ɗaki jiƙaƙƙun kaya ne da aka rasa inda za a kai. A gidan haya igiya ta kowa ce, wadda ta riga tashi ita ke kamawa. Ki sa a ɗaura miki taki, ko gajeriya ce, inda rana ke bugawa, ki kuma sami abin shanya mai zagaye da 'yan maƙalai, wanda ake ratayawa, yana ɗaukar safa da hula da nafkin da yawa a wurin da bai fi faifai ba, in ruwa ya sauko ki ɗauke shi ɗungurungum ki rataye a falo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shimfiɗa kayan jariri a ƙasa, ko a kan ciyawa, ko kan katanga a inuwa. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshi da kan tufafin da ba su bushe ba, ya fi son masu ɗan warin fitsari. Tsutsar in ta ƙyanƙyashe sai ta huda fata ta zauna. Uwa za ta ga kamar maruru a bayan yaro ko cinyarsa, da ɗan huji a tsakiya, yaro ya ƙi barci. Na sha cire su. Abin da ke kashe ƙwan shi ne guga, ciki da bai, musamman kan ɗinki. In babu wuta, dutsen guga na gawayi ya wadatar, a dai kula da toka. Nafkin mai datti kuma bokiti mai murfi za ki tanadar masa a waje ko a banɗaki. Kada bahon wankan jariri ya zama wurin tara wanki, kamar yadda nake gani a gidaje da yawa.

Ba ki faɗa ba ko za ki je wankan gida, amma tun da ta fari ce ina zaton za ki. In haka ne kin huta, domin kayan sabon haihuwa ba sai sun zauna a ɗakinki ba. Ki haɗa su a akwati ɗaya su bi ki gida. Ranar da za ki dawo bayan arba'in, mafi yawansu sun matse shi, sai ki bar su can wajen Mama, ki dawo ki tarar da durowarki a shirye da masu lamba 62. Jakar asibiti kuma ki haɗa ta tun cikin wata takwas, ta zauna a bakin ƙofa, da katin awo a aljihun gaba.

Sai ambaliyar suna. Ranar bakwai kaya za su shigo kamar an buɗe shago, kuma mutanenmu, Allah ya saka musu, kusan abu ɗaya suke sayowa: riga da wando a kwali mai kyalli, ko rigar mata mai tattara da raga wadda ke soya fatar yaro a zafi. Kada ki ɓare ledar komai a ranar. Ki sa ƙanwarki ta riƙe littafi tana rubuta wa ya kawo me, don biki bashi ne. Bayan kwana biyu, in gida ya yi shiru, ku zauna ku raba. Abin da ya dace da girma da yanayi ya shiga rigar filonsa. Wanda ya maimaitu, ko wanda kin san ba za ki sa masa ba, ki bar shi a ledarsa sabo, ki ware masa ƙaramin akwati. Wannan shi ne akwatin barka. Duk ƙawar da ta haihu a shekarar, kin riga kin yi sayayya. A nan littafin zai sake yi miki rana, kada ki mayar wa mace da abin da ita ta kawo miki. An taɓa yi a gabana, ba a ji daɗi ba.

Tsarin nan ba ya tsayawa da kansa, sai ana juya shi, kuma mai jego ba ta tuna ranar juyi. Ni abin da nake gaya wa mata shi ne su ɗaura shi a ranakun riga-kafi, tun da dole za a je, kuma a can ake ɗora yaro a sikeli: sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9. Tsakanin sati 14 da wata 9 akwai tazara, sai ki ƙara da ranar da ya cika wata 6, lokacin da za a fara ba shi abinci. Kin dawo daga asibiti, yaro ya sha kuka ya yi barci, ki jawo durowa. Duk abin da ya matse ya fita, a sauko da rigar filo ta gaba. Aikin minti 20 ne. A tsakanin waɗannan ranakun kuma ki rataye wata jaka a bayan ƙofa. Kina sa masa riga kika ga ta ƙi wuce kai, ko maɓallin ƙasa ya ƙi kamawa, bayan wanki jakar za ta shiga. In kika mayar da ita durowa, sai kin sake gwada masa ita sau uku, da dare, yana kuka. Katin riga-kafin da takardar haihuwa su kuma ki sa su a leda mai zif a aljihun murfin akwati, wuri ɗaya kullum.

Waɗanda ya wuce, a nan zuciya ke shiga. Za ki ce ai ƙaninsa zai sa, kuma gaskiya ne, amma ba duka ba. Ki zaɓi masu ƙwari, na auduga, waɗanda mace da namiji duk za su iya sawa, gwargwadon rigar filo ɗaya a kowane girma. Rigar suna ki ajiye, wannan ba a jayayya. Masu roba a ƙugu kuwa zafin ɗaki na kashe robar kafin shekara biyu, ki jawo ki ji ta yi ƙaras. Gara su tafi yanzu da sauran amfaninsu. Ki fara tambayar yayarki ko tana son nata su dawo, don wani kayan aro ne ko da ba a furta ba. Sauran, a unguwarku ba za a rasa wadda ta haihu ba ta da ko zanen naɗewa ba. A ɗakin haihuwa na sha karɓar jaririn da sai ɗankwalin uwarsa aka naɗe shi da shi.

Abu biyu na tsaro, don lokacinsu zai zo kafin ki ankara. Wajen wata 8 zuwa 10 yaro zai fara rarrafe yana kama abu yana miƙewa, kuma durowar roba ba ta da nauyi, yana jan hawa ɗaya za ta biyo shi. Ki ɗaure ta da igiya a ƙarfen taga ko ƙafar gado, kada ki ɗora fulas ɗin ruwan zafi a samanta, akwatunan saman sif kuma a tura su ciki sosai. Na biyu, in kun sayi ɗan gadon jariri, gado ne, ba ma'aji ba. Na san yadda ake yi, yaro na kwana a bayan uwa, gadonsa ya cika da tawul da filo da ledar famfas, ran nan a ɗan ture su gefe a kwantar da shi. Jariri a rigingine yake kwana, a shimfiɗa mai ƙarfi, ba filo, ba tarkace, ba leda kusa da fuska, cikin gidan sauro. Kuma kowace riga ki kakkaɓe ta kafin ki sa masa, ko daga durowa ta fito, saboda kunama da cinnaka.

Lissafin sayayyar da za ki miƙa wa maigida kenan: durowar roba ɗaya, bokiti mai murfi, abin shanya mai zagaye, igiya, da kuɗin tela. Abin da ya rage daga kuɗin sif, ki ce ya ƙara a na rago. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce malamar asibiti ce ta hana.